Allon Kwamfuta na Biyu da Ingancin Aiki: Nazarin Fasalin Ayyuka a Rayfield, Jos

Tsakure

Wannan takarda ta bibiyi iƙirarin nan da ake yawan yi cewa jona wa kwamfuta allo fiye da ɗaya yana ƙara yawan aikin da ma'aikaci ke kammalawa. An auna iƙirarin da ire-iren ayyukan da ake yi a unguwar Rayfield, wato watsa shirye-shiryen talabijin, tace hotuna masu motsi da aikin ofis. Nazarin ya nuna cewa amfanin allo na biyu yana rataye ne a kan fasalin aikin, musamman yawan kai-kawon ido tsakanin abin dubawa da abin rubutawa. Saboda haka fasalin aiki, ba muƙamin ma'aikaci ba, shi ya kamata ya zama ma'aunin rabon alluna.

1.0 Gabatarwa

Rayfield tana cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato. Unguwa ce da ta bunƙasa a zamanin haƙar kuza, kuma tafkin da ake zuwa shaƙatawa a bakinsa a yau tsohon ramin haƙa ne. Abin da ya sa ta dace da wannan nazari shi ne cibiyoyin da suka taru a cikinta: Kwalejin Talabijin ta NTA, wadda aka kafa a 1980 kuma take ba da digiri ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, gidan rediyo da talabijin na jiha, wato PRTVC, tsohon Gidan Gwamnati, da sabon da ke Little Rayfield. Jos kuma ita ce garin da aka fara watsa talabijin mai launi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970, kuma a nan aka ƙaddamar da gwajin komawa tsarin dijital a ranar 30 ga Afrilu, 2016. Ke nan aiki a gaban alluna da yawa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Ma'aikatan talabijin sun san shi tun kafin kwamfuta ta hau teburin akawu.

Manufar takardar ita ce amsa tambayoyi biyu. Wane irin aiki ne allo na biyu ke sauƙaƙawa da gaske? Idan kuma kuɗin ma'aikata bai kai a saya wa kowa ba, wa ya kamata a fara ba?

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Ta fuskar fasaha lamarin ya daɗe. Kwamfutar Macintosh II ta 1987 tana ɗaukar allo fiye da ɗaya, kuma Windows 98 ta buɗe wannan ƙofa ga mafi yawan masu kwamfutar tebur. Bincike a kan amfaninsa ya biyo baya, kuma za a iya kasa shi gida uku.

Kaso na farko shi ne gwaje-gwajen auna sauri. Mary Czerwinski da abokan aikinta a sashen bincike na Microsoft sun kwatanta allo mai inci 15 da wani faffaɗan allo mai inci 42 a 2003, suka tarar masu faffaɗan allon sun fi sauri da kimanin kashi 9 cikin ɗari. A 2008 aka fitar da wani bincike na Jami'ar Utah da ke Amurka, wanda ya nuna masu allo biyu na inci 20 sun fi masu allo ɗaya na inci 18 sauri da kashi 44, masu faffaɗan allo ɗaya na inci 24 kuwa sun fi su da kashi 52. Akwai kuma adadin kashi 42 da kamfanin Jon Peddie Research ya yaɗa, wanda 'yan talla suka fi ambata. Wajibi ne a karanta waɗannan alƙaluma da lura. Kamfanin NEC, mai ƙera alluna, shi ya ɗauki nauyin binciken Utah, kuma ayyukan da aka ba mahalarta gajeru ne na gyaran rubutu da jadawalin lissafi, irin waɗanda dama suka fi buƙatar duba takardu biyu a lokaci guda. Adadin Jon Peddie kuwa ya fito ne daga abin da masu amfani da alluna suka faɗa da bakinsu game da kansu, ba daga agogo ba. Abin lura a binciken Utah, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne cewa allo ɗaya babba ya zarce biyu matsakaita.

Kaso na biyu ya duba yadda mutane ke amfani da allunan a zahiri. Jonathan Grudin ya nuna a 2001 cewa masu allo biyu ba sa ɗaukar su a matsayin shimfiɗa guda. Da wuya su baje taga ɗaya ta ratsa alluna biyun. Ɗaya suke mayarwa wurin ainihin aiki, ɗayan kuma wurin ajiye abin da ake leƙawa lokaci-lokaci. Wannan bayani, a ganin wannan takarda, ya fi duk alƙaluman da ke sama amfani, domin ya faɗi yadda abin ke aiki, ba yawansa kaɗai ba.

Kaso na uku ya shafi jiki da hankali. Bitar da Kaitlin Gallagher da abokanta suka wallafa a mujallar Human Factors a 2021 ta tattara binciken da aka yi a baya, ta kammala da cewa ma'aikata sun fi son allo biyu, akwai hujja matsakaiciya cewa yana rage yawan danne-danne da buɗe tagogi, amma yana iya sa wuya ya daɗe a karkace. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta ruwaito cewa tsawon lokacin da mutum ke tsayawa a kan abu ɗaya a allo ya sauko daga kusan minti biyu da rabi a 2004 zuwa kimanin daƙiƙa 47 a shekarun baya-bayan nan.

Duk waɗannan ayyuka an yi su ne a ofisoshin da ba a ɗauke wuta, inda kuma farashin allo ba ya taɓa kasafin ma'aikata. Wannan shi ne giɓin da takardar ke son cikewa.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin fasalin aiki: a warware kowane aiki zuwa matakansa, a gano inda ido ke barin wani wuri zuwa wani, sannan a yi lissafin abin da wannan kai-kawo ke ci. Alƙaluman da aka yi lissafi da su a sashe na 4.3 da na 4.5 na misali ne, an zaɓe su domin mai karatu ya iya sauya su da na teburinsa. An yi amfani da waɗannan kalmomin fannu:

Allon aiki: inda hannu ke rubutu ko yanka hoto.
Allon gefe: inda ake ajiye abin dubawa.
Asarar sauyi: lokacin da ke tafiya wajen rufe taga, buɗe wata, da sake gano inda aka tsaya.
Nauyin riƙo: abin da ƙwaƙwalwa ke ɗauke da shi daga taga zuwa taga. Nelson Cowan ya nuna a 2001 cewa abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci guda bai cika wuce guntaye huɗu ba.

4.0 Nazari

4.1 Ɗakin sarrafa shirye-shirye

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne ɗakin da darakta ke zaune lokacin da ake watsa labarai kai tsaye, irin wanda ake koya wa ɗaliban talabijin aiki a cikinsa. A gabansa akwai hoton kowace kyamara, akwai allon share fage mai nuna abin da zai shiga nan gaba, akwai kuma allon shiri mai nuna abin da mutanen gida ke gani a wannan daƙiƙar. A nan ba a maganar ƙarin sauri. Aikin ba zai yiwu ba sam idan sai an rufe hoton kyamara ta ɗaya kafin a ga ta biyu, domin dukkansu suna gudana a lokaci guda kuma ba sa jira.

Darasin da ke nan ba yawan allunan ba ne. Kowane allo yana da aiki guda, yana da suna a ƙarƙashinsa, kuma ba ya sauya wuri. Darakta ba ya neman allon shiri da ido, wuyansa ya riga ya san inda yake. Fitila ja tana nuna kyamarar da ke kan iska. Ko da aka koma amfani da babban allo ɗaya da ake yankawa gida-gida, an riƙe wannan tsari yadda yake. Wannan ya tabbatar da abin da Grudin ya gani a ofis, ya kuma ƙara a kansa: rabon wuri yana amfani ne idan ya tabbata har ya zama ɗabi'a. Allo biyu da ake jefa wa tagogi barkatai ba su da bambanci da tebur biyu da aka cika da takardu ba tsari.

4.2 Teburin tace hoto

Manhajojin tace bidiyo irin su Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve suna nuna abubuwa huɗu a lokaci guda: rumbun ɗanyun hotuna, tagar hoton da ake zaɓa, tagar abin da aka haɗa, da layin lokaci inda ake jera hoto da sauti. A kan kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗigo 1366 sau 768, wato ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai, kowanne daga cikin huɗun yakan matse har layukan sauti su ɓuya. Allo mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo sama da miliyan biyu. Idan aka jona shi da waccan kwamfuta, filin aiki ya ninka kusan sau uku. Wannan ne ya sa allo na farko da aka ƙara wa ƙaramar kwamfuta ya fi kowane allo da zai biyo bayansa tasiri.

Akwai wani dalili na dabam ga mai tacewa. Yana buƙatar ganin hoton a cikakken allo yadda mai kallo zai gan shi, da launin da ya dace da ma'aunin watsa shiri na Rec. 709. Kuskuren launi, ko rubutun fassara da ya fita daga gefen hoto, ba a cika ganinsu a ƙaramar taga ba. Ga mai sa rubutun fassara a fim ɗin Hausa, wanda ke sauraron magana, yana kallon leɓen ɗan wasa, yana kuma rubuta Ingilishi a ƙasa, allon gefe yana cikin kayan aiki na asali.

4.3 Aikin ofis da lissafin asarar sauyi

A ofisoshin gwamnati da na kamfanoni lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin sunan aiki ɗaya yakan ƙunshi fasali dabam-dabam. A ɗauka cewa kowane sauyin taga yana cin daƙiƙa 3, daga danna maɓalli zuwa gano layin da aka tsaya.

Ma'aikacin da ke shigar da layi 600 a rana daga takardar da aka ɗauki hotonta zuwa jadawalin Excel yana sauya taga sau biyu a kowane layi, zuwa da dawowa. Sauyi 1,200 ke nan, daƙiƙa 3,600, awa ɗaya cur daga cikin awa takwas. Jami'in da ke rubuta wasiƙa yana leƙa tsohuwar takarda sau 40 a rana kuwa, asararsa, zuwa da dawowa, minti huɗu ce. Su biyun suna zaune a gaban kwamfuta iri ɗaya, amma allo na biyu zai dawo wa na farko da kashi 12 da rabi na ranarsa, na biyun kuwa ko kashi ɗaya bai kai ba. Babu wani adadi guda, 9 ne ko 44, da zai dace da su duka.

Lokaci ma ba shi ne babbar riba ba. Lambar asusun banki a Nijeriya tana da alƙaluma 10, lambar BVN da ta NIN kowacce 11. Duk sun zarce abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa cikin sauƙi. Mai kwafar irin wannan lamba daga tagar da ta ɓace yana ɗauke da ita ne a kai, kuma nan ne ake juya alƙaluma biyu, 47 ta koma 74. A jadawalin albashi ko na fansho, kuskure ɗaya irin wannan yana nufin wani ma'aikaci ko wani tsoho zai yi ta sintiri tsakanin banki da ofis kafin a gyara. Magatakardan da ke kwafar littafi da hannu ba ya rufe uwar littafin kafin ya rubuta kowane layi, a buɗe yake ajiye ta kusa da gwiwarsa. Abin da allon gefe ke yi wa akawu ke nan.

Ayyukan da suka faɗa wannan rukuni sun haɗa da daidaita lissafin ofis da bayanin banki, fassara daga harshe zuwa harshe, kwatanta tsohon daftari da sabo, rubuta labari daga sautin hira, da rubuta manhaja ana duba sakamakonta.

4.4 Inda allon gefe ke zama cikas

Rubuta jawabi, tsara rubutun shiri ko karanta doguwar yarjejeniya ayyuka ne masu tushe ɗaya. Babu abin da za a ajiye a allon gefe, kuma fili ba ya zama fayau: WhatsApp, akwatin imel ko shafin labarai ne za su cike shi. Gefen ido yana saurin kama motsi, don haka kowane saƙo da ya shigo sai ya ja hankali ko ba a yi niyya ba. Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki zuwa wani, wani ɓangare na hankalinsa yakan maƙale a na farkon. A irin wannan hali allo na biyu ya rage asarar sauyin taga ne ya ƙara ta sauyin hankali, wadda ta fi tsada. Ga mai irin wannan aiki, allo ɗaya mai faɗi ya isa, tunda tun Windows 7 ta 2009 ana iya raba shi biyu da maɓallin Windows da kibiya idan buƙata ta taso.

4.5 Wutar lantarki

Filato tana da tarihi na musamman a nan. Kamfanin NESCO ya fara aiki a 1929 da gina tashar samar da wuta a ruwan Kurra domin wuraren haƙar kuza, kuma har yanzu yana ba wasu sassan jihar, yayin da kamfanin rarraba wuta na Jos, wato JED, ke kula da mafi yawan masu mita. Kamar sauran garuruwan ƙasar, ofisoshi suna haɗawa da janareta, inbata ko sola.

Cin wutar allo ba shi da yawa. Allon LED mai inci 24 yakan ja wat 20 zuwa 30. A ɗauki wat 25, awa 8 a rana, kwana 22 a wata: kilowat-awa 4.4 ke nan. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta sa wa rukunin Band A a Afrilun 2024, abin ya kama naira 990 a wata. Ga ma'aikacin da allon ke ceto wa awa ɗaya kullum, wannan ba kuɗi ba ne. Tsohon allo mai ƙeya kuwa yakan ja ninkin wannan sau uku ko fiye, don haka arharsa a kasuwar kayan gwanjo yaudara ce.

Lissafin yana sauyawa idan aka koma kan batir. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, kuma idan na ruwa ne, rabinsa kawai ake so a ja domin ya yi ƙarko. Wat-awa 600 za su riƙe kwamfutar tafi-da-gidanka mai jan wat 40 na awa 15. Da allon wat 25 a jone, sai su sauko zuwa awa 9 da 'yan mintuna, ban da abin da inbata kanta ke ci. A Jos, wadda ke da tsayin kusan mita 1,200 daga teku kuma sanyinta ya rage buƙatar na'urar sanyaya ɗaki, alluna na iya zama kaso mai tsoka na abin da ƙaramin ofis ke ɗora wa batirinsa. Ya kamata a shigar da su cikin lissafi tun ranar da ake sayen sola.

Akwai kuma wata asara da binciken ƙasashen waje bai ambata ba. Da an ɗauke wuta, allon waje yakan mutu, kwamfutar tafi-da-gidanka ta ci gaba da batirinta, duk tagogin su tattaru a ƙaramin allo. Idan wuta ta dawo sai an sake jera su. Windows 11 ta 2021 ta rage wannan matsala domin tana tuna mazaunin kowace taga, amma kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukarta ba. Tsarin da aka ce a sashe na 4.1 sai ya tabbata kafin ya yi amfani, ɗauke wuta yana rushe shi sau da yawa a rana. Saboda haka sanya allon a kan UPS ko layin inbata sharaɗi ne, kuma tsawar daminar Filato ta sa na'urar kariya daga hauhawar wuta ta zama dole.

4.6 Zama da lafiyar jiki

Ƙa'idar a taƙaice take. Idan allo ɗaya ne ake yawan aiki a kansa, a sa shi daidai gaban fuska, na gefen ya ɗan karkato. Idan ana amfani da su daidai wa daida, mahaɗarsu ta zo tsakiya. Nisa daga ido ya kasance santimita 50 zuwa 100, saman allo kuma daidai ido ko ƙasa kaɗan. Kwamfutar tafi-da-gidanka da aka bari a kan tebur kusa da dogon allo tana sa wuya ya riƙa juyawa yana sunkuyawa a lokaci guda. A ɗaga ta, a jona mata madannai da linzami na waje.

5.0 Ma'aunin Rabon Alluna

A ma'aikatu da yawa kayan aiki suna bin muƙami: sabon allo babba yakan tafi ofishin shugaba, wanda mafi yawan aikinsa karatu ne da sa hannu da ganawa, mai shigar da bayanai kuma ya gaji tsohon. Lissafin sashe na 4.3 ya nuna cewa wannan tsari yana kai allon inda ribarsa ta fi ƙanƙanta. Takardar na ba da shawarar a jera masu buƙata kamar haka: na farko masu sa ido a kan hotuna masu gudana kai tsaye, sai masu tace hoto da sauti, sai masu kwafar alƙaluma da masu fassara, sannan sauran.

Kafin a sayi ko ɗaya, a duba abin da kwamfutar za ta iya ɗauka. Tsofaffi suna da mashigar VGA, sababbi HDMI, DisplayPort ko USB-C, kuma ba kowace USB-C ce ke fitar da hoto ba. MacBook Air mai M1, wadda masu aikin hoto ke so, allo ɗaya tak na waje take ɗauka kai tsaye. Talabijin ɗin gida mai inci 32 yana iya zama allon gefe ta wayar HDMI, amma da yawansu ɗigonsu 1366 sau 768 ne, don haka rubutu yakan fito da kauri ba tare da ƙarin fili ba. Sun dace da duba bidiyo, ba su dace da jadawalin lissafi ba.

Ma'aikatar da ke son hujja daga cikin gidanta za ta iya samu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A sa kowane ma'aikaci ya ja layi a takarda duk lokacin da ya sauya taga domin kwafa ko kwatantawa, na tsawon awa ɗaya a ranar aiki ta yau da kullum. A ba waɗanda layukansu suka fi yawa aron allo na mako biyu, a kuma ƙirga abu biyu kafin da bayan aron: yawan aikin da aka kammala, da yawan kurakuran da aka dawo da su domin gyara. A karɓi allon na mako guda a sake ƙirgawa, domin a rarrabe tasirin allon da zumuɗin sabon kaya. Kwalejin Talabijin ta NTA, da ɗalibanta masu tace aikin kammala karatu a kan manhajoji iri ɗaya, wuri ne da ya dace a gudanar da irin wannan gwaji a tsanake, tare da rubuta yawan ɗauke wuta a kowane zama a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan aunawa.